Kansil ta ƙara mana kuɗin hayar gareji: da wane ma'auni suke yanka farashin nan?

Maman_Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ingila. Jiya wasiƙu biyu suka iso mini daga kansil ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, a nan Landan. Ta farko ta hayar gida ce, za su ƙara kashi 7.7 cikin 100 daga Afrilun 2024. Wannan dama na san da zuwanta. Ta biyun ce ta hana ni barci. Garejin da nake haya a bayan benenmu, wanda nake biyan fam 16 duk mako, zai koma fam 20. Ƙarin kashi 25 cikin 100 ke nan a tashi ɗaya. Kuma garejin nan shekara uku ke nan rufinsa yana yoyo, duk ranar da aka yi ruwa sai na ajiye bokiti a kusurwar hagu, ƙofarsa kuwa sai na sa kafaɗa kafin ta ɗaga. Don Allah wanda ya san kan abin ya fahimtar da ni: wa ke yanka farashin nan, kuma da me yake aunawa? Me ya sa ƙarin gareji ya ninka na gida fiye da sau uku?

Direba_Tanimu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ke kaɗai ba ce, ni ma tawa ta iso makon jiya. Naki ma da sauƙi, tunda ke a gidan kansil kike. Ni da nake hayar gidana a hannun mai gida mai zaman kansa, sai an ɗora mini harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kai. Garejin da za ki biya fam 20, ni fam 24 zan biya, alhali bango ɗaya ne ya raba su.

Ɗan_Fagge:
Ku yi mini afuwa, daga Kano nake bin ku. Garejin gyaran mota kuke nufi? Hajiya kanikanci take yi?

Direba_Tanimu:
A'a ɗan'uwa, ba na kanikawa ba. Ƙananan ɗakuna ne na ajiye mota, a jere kamar shagunan kasuwa, goma ko ashirin a layi ɗaya, kowanne da ƙofar ƙarfe mai ɗagawa sama. Ƙaramar hukuma ce ta gina su a unguwannin gidajenta, take ba da su haya mako-mako.

Malam_Habu_Akawu:
Maman Khalil, na yi shekaru ina aiki a sashen gidaje na wata kansil kafin in yi ritaya, bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki.

Hayar gidanki tana da linzami. Gwamnatin tsakiya ce ta ce kada ƙarin ya wuce ma'aunin hauhawar farashi na watan Satumba, a ɗora kashi 1 a kai. A Satumban 2023 ma'aunin ya tsaya a 6.7, shi ya sa kika ga 7.7. A Satumban 2022 ma da ya kai 10.1, gwamnati ta sa baki ta ce kada a wuce kashi 7, ba don haka ba da an ƙara muku fiye da 11. To wannan linzamin gidan kwana kaɗai ya shafa. Garejin da aka ba ki da takarda ta daban ba ya cikinsa. Ki ɗauko takardar da kika sa wa hannu ki duba, yawanci za ki ga izinin amfani ne kawai aka ba ki, ba cikakkiyar yarjejeniyar haya irin ta gida ba. Shi ya sa suna iya ƙara abin da suka ga dama, kuma suna iya karɓe shi da sanarwa ta ɗan gajeren lokaci.

Yadda ake yi kuwa, ma'aikata ne ke rubuta rahoton kuɗaɗen haya da na ayyuka wajen Janairu ko Fabrairu, su kai wa kansiloli su amince tare da kasafin shekara. Abu uku muke dubawa a lokacinmu: nawa maƙwabtan kansil ke karɓa, nawa 'yan kasuwa ke karɓa a garejinsu, sai kuma tsawon layin masu jira. In layin ya yi tsawo, sai a ce kasuwa za ta ɗauki ƙari. Abin da ban taɓa ganin an sa a ma'auni da gaske ba shi ne halin da garejin kansa yake ciki. Mai yoyo da sabon gyara duk kuɗi ɗaya, kuma wannan ya daɗe yana damuna.

Maman_Khalil:
Allah Ya saka da alheri Malam Habu. Na ɗauko takardar yanzu, wallahi kamar yadda ka faɗa, sanarwar mako ɗaya aka rubuta. Shekara shida ina biya ban taɓa lura ba.

Injiniya_Bello:
Zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba, amma gaskiya ɗaya ce. Ni ban ga laifin kansil ba a kan ƙarin kansa. Gida dole ne, gareji kuwa ba dole ba ne. Da yawa daga cikin masu zama a gidajen kansil ba su da ko mota. In aka bar hayar gareji a ƙasa da abin da ake kashewa wajen gyaransa, to daga aljihun wa ake cike giɓin? Daga hayar tsohuwar da ke hawa na tara, wadda bas take shiga zuwa asibiti. Ku je ku tambayi kuɗin ɗakin ajiya na 'yan kasuwa mai girman gareji a Landan, za ku dawo ku riƙe naku da hannu biyu. Sannan ku dubi halin da ƙananan hukumomi ke ciki. Croydon ta sanar ba za ta iya daidaita kasafinta ba a 2020, Birmingham ta bi sahu a Satumban 2023, ita da ake ƙirgawa mafi girma a ƙasar nan. Duk inda kwabo yake sai sun leƙa.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Injiniya, da girmanka, amma "ba dole ba ne" ɗin nan ya yi mini nauyi. Ni da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu da falo, hawa na uku, babu lif. Kekunan yara, keken jariri, akwatunan da muke zuwa gida da su, manyan tukwanen da nake girkin suna da biki, ina zan sa su? Garejin nan shi ne sitona. Wanda yake da gida mai fili a bayan gari ba zai gane ba.

Injiniya_Bello:
Na karɓi gyara Hajiya, ban yi nufin raina buƙatar kowa ba. Amma ki lura, kin ce sito. Gareji nawa ne a layinku ke da mota a ciki?

Hajiya_Mai_Atamfa:
A cikin goma sha biyu, biyu na sani. Ɗaya ma babur ne.

Baba_Audu_1974:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki a nan, don na ga garejin nan tun suna da sauran ƙuruciya. Na zo ƙasar nan karatu a 1974. Yawancinsu an gina su ne daga shekarun 1950 zuwa na 1970, lokacin da ake ta gina unguwannin kansil, kuma an auna su da motocin wancan zamani. Faɗin ƙafa takwas, tsawon ƙafa goma sha shida, ƙofa ƙafa bakwai. Motar Mini ta farko da ta fito a 1959 faɗinta bai wuce mita 1.4 ba. Golf ta farko, wadda ta fito shekarar da na zo, wajen mita 1.6 ce. Golf ta yau ta kusa mita 1.8, ban da madubai. Ka shigar da ita, to ta ina za ka buɗe ƙofa ka fita? Na ga maƙwabcina yana sauke iyalinsa a waje, ya naɗe madubai, ya shiga a hankali, sannan ya fito a karkace yana goga rigarsa da bango. Daga baya ya haƙura ya mayar da makulli.

Saboda haka in za a yanka farashi, a fara yarda cewa abin da ake ba mutane haya yau ɗakin ajiya ne, ba ɗakin mota ba. Wasu kansil sun gane haka sun halatta ajiye kaya. Wasu har yanzu takardarsu na cewa mota kaɗai. Hajiya Mai Atamfa, ki duba taki da kyau, kada wata rana a ce kin saɓa sharaɗi.

Ummu_Sumayya:
Baba ya faɗi gaskiya. Kuma a kula da rufin. Da yawa na asbestos ne. Maman Khalil, kada ki bari maigida ko wani yaro ya hau ya ce zai toshe yoyon da kansa, ƙurarsa tana da illa ga huhu in ya fashe. Aikinsu ne su turo masu kayan aiki.

Sadiq_Lagos_Street:
Ku kai su kotu kawai! Ai an taɓa yi. A 2013 wani mutum ya kai kansil ɗin Barnet babbar kotu saboda ta ɗaga kuɗin takardar fakin ta mazauna unguwa daga fam 40 zuwa fam 100, kuma ya yi nasara. Kotu ta ce ba a yarda kansil ta mai da fakin hanyar tara kuɗi ba. Ƙarin da aka yi wa Hajiya ma haramtacce ne ke nan.

Barista_Zainab:
Malam Sadiq, shari'ar da ka ambata gaskiya ce, sunan mutumin David Attfield, kuma har kuɗin takardar baƙi an ɗaga daga fam 1 zuwa fam 4 a lokacin. Amma kada mu sa Maman Khalil a hanyar da ba za ta ɓulle ba. Waccan shari'ar a kan fakin na bakin titi ce, wanda ke ƙarƙashin dokar zirga-zirgar ababen hawa ta 1984. Abin da alƙaliyar ta ce shi ne, ikon da wannan doka ta bayar na tsara zirga-zirga ne, ba na neman kuɗin shiga ba, don haka ba za a ɗaga farashi da niyyar tara rarar da za a kashe a wani wuri ba. Garejin unguwar kansil kuwa dukiyarta ce, a matsayin mai gida take ba da shi haya. Hukuncin Barnet bai rufe shi ba.

Inda take da ƙafar tsayawa shi ne gyara. Tana biyan kuɗin wuri mai rufi, an ba ta wuri mai yoyo. Ta rubuta ƙorafi a hukumance, da hotuna da ranakun da ta kai rahoto. Sannan tana da damar tambaya a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000: nawa aka tara daga hayar gareji bara, nawa aka kashe a gyaransu, guda nawa ne ke rufe babu mai haya. Wajibi ne su amsa cikin kwanakin aiki 20.

Sadiq_Lagos_Street:
Na gode Barista, ashe na haɗa biyu ne. Amma dai raina bai kwanta ba. In bakin titi an hana su cin riba, me ya sa a garejin bayan bene aka sake musu?

Malam_Habu_Akawu:
Sadiq, akwai wani shinge a nan ma, sai dai ba irin wancan ba. Tun dokar ƙananan hukumomi da gidaje ta 1989, asusun gidajen kansil a killace yake, ba a ɗiban kuɗinsa a kai wani aiki. In garejin yana cikin wannan asusu, hayarsa tana komawa ne ga gidajen, kuma a nan maganar Injiniya tana da ƙarfi. Amma wasu kansil sun fitar da garejinsu sun mayar babban asusu, musamman inda yawancin masu haya ba mazauna gidajen kansil ba ne. In haka ne, fam huɗun da aka ƙara wa Maman Khalil zai iya tafiya kwasar shara ko wani abu dabam. Wannan ita ce tambayar farko da zan yi in ni ne: a wane asusu garejin yake?

Direba_Tanimu:
Mu koma kan VAT ɗin nan don Allah, don ni shi ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda ke gidan kansil hayarsa ta fi tawa sauƙi nesa ba kusa ba, sannan garejinsa ma ya fi nawa sauƙi. Ni da ke biyan mai gida rabin abin da nake samu, ni ne kuma mai biyan haraji a kai. Wani wurin ma farashi biyu suke yankawa tun kafin harajin, na 'yan gida daban, na bare daban.

Barista_Zainab:
Yaya Tanimu, harajin ba kansil ce ta ƙirƙira ba, ƙa'idar hukumar haraji ce. In mai gida ɗaya ne ya ba ka gida da gareji kusa da juna, ana ɗaukar garejin a matsayin wani ɓangare na hayar gidan, ita kuwa hayar gida babu VAT a kanta. In gareji kaɗai ka karɓa, ya zama hayar wurin ajiye mota, sai harajin ya hau. Farashi biyun da ka ce kuwa, wannan shawarar kansiloli ce, kuma ita ana iya ƙalubalantarta a wurinsu.

Direba_Tanimu:
To ni dai ba zan iya sakinsa ba. Motar haya ce abincina. Sau biyu ana fasa mini gilashi a bakin titi kafin in samu garejin, na biyun ma ana gobe Sallah. Kwana uku ban fita aiki ba. Shekara biyu da rabi na yi a layi kafin a kira ni. Sun san irinmu ba mu da inda za mu, shi ya sa.

Ɗan_Fagge:
Ikon Allah. Mu a nan tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, amma ban taɓa ganin an aiko wa mai rumfa wasiƙa wata guda kafin ƙari ba, sai dai ka ga mai rasit a gabanka. A Abuja ma an taɓa yin tsarin biyan kuɗin fakin a bakin titi, kotu ta dakatar da shi a 2014 saboda babu dokar da ta kafa shi. Ku da ake rubuto muku, har kuna da inda za ku tambayi lissafi, ku yi amfani da damar.

Ummu_Sumayya:
Ni ba gareji gare ni ba, filin fakin ne mai lamba a harabar benenmu, an ja masa farin layi an sa ɗan ƙarfe mai kwaɗo a tsakiya. Shi ma an ƙara. Abin da ke ba ni takaici, rabin lokaci in na dawo daga aikin dare sai in tarar wani ya karya kwaɗon ya ajiye motarsa. Na kira lambar da suka bayar, babu mai zuwa sai gari ya waye. Ƙarfe biyar na asuba ina zagaya unguwa ina neman wuri, alhali na biya nawa. In za su karɓi kuɗi, su tsare abin da suka sayar.

Injiniya_Bello:
A nan muna tare da ke ɗari bisa ɗari. Ni matsayina bai canza ba, farashi ya bi kasuwa. Amma kasuwa ai tana bambanta mai kyau da marar kyau. Ko a Kantin Kwari, shagon bakin hanya da na lungu ba kuɗinsu ɗaya ba. A kasa garejin gida uku: wanda aka gyara kuma ake rububinsa, matsakaici, da wanda ya lalace. Na ƙarshen a rage masa kuɗi har sai an gyara. Akwai kansil da ke yin irin wannan rabon bisa unguwa, to a ƙara da halin ginin. Sannan mai shaidar naƙasa ta Blue Badge a yi masa rangwame, don shi kusancin mota da ƙofa ba jin daɗi ba ne.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Yanzu ka yi magana Injiniya.

Baba_Audu_1974:
Akwai abin da ba ku taɓo ba. A tsohuwar unguwarmu, layin gareji guda biyu aka bari suka lalace, ciyawa ta fito, yara suka mai da wurin matattara. Duk wanda ya mayar da makulli ba a sake ba wani. Bayan 'yan shekaru aka ce ai babu masu so, aka rushe, aka gina gidaje shida a wurin. Ban ce gina gidaje laifi ba ne, jikata tana cikin masu jiran gida yanzu haka, kuma tun da dokar 1980 ta ba masu haya damar sayen gidajen kansil, gidajen suka yi ƙaranci. Amma a fito a gaya wa mutane gaskiya. Kada a ƙi gyara, a ƙara kuɗi, a jira su gaji su tafi da kansu. Maman Khalil, ki tambaya ko layinku yana cikin wuraren da ake duba yiwuwar gini a kai. In rufi ya shekara uku ba a taɓa ba, akwai dalili.

Malam_Habu_Akawu:
Baba, ba kullum da niyya ake yi ba, wani lokaci kuɗin sauya rufin asbestos na layi guda ya fi hayar shekaru, sai a yi ta ɗagawa zuwa baɗi. Amma tambayar taka tana kan hanya.

Wani abu kuma, kowa ya gyara lissafinsa. Shekarar kuɗi mai zuwa Litinin 53 gare ta, domin 1 ga Afrilu 2024 Litinin ce, 31 ga Maris 2025 ma Litinin ce. Mai biya mako-mako zai biya sau 53. Maman Khalil, bana kin biya fam 832, baɗi fam 1,060 ne. Tanimu kai kuma 1,272 in naka 24 ne. Kuma tallafin haya na gwamnati yawanci ba ya ɗaukar garejin da ke da takarda daban.

Maman_Khalil:
Innalillahi. Fam 228 ke nan a kan na bara. Kuɗin takalma da rigunan makarantar yara uku.

Ga inda na kwana. Na shiga shafin kansil na nemo rahoton da Malam Habu ya ce, yana nan cikin takardun zaman da aka yi a watan jiya, shafi na kusan ƙarshe. Layi uku kacal aka rubuta a kan gareji: wai farashinmu yana ƙasa da na maƙwabta, kuma akwai masu jira da yawa. Babu kalma ɗaya a kan gyara. Baba Audu, ban ga maganar rushewa ba, amma na sa ta cikin tambayoyin da Barista ta ce in aika. Ranar Asabar kansilan mazaɓarmu yana zaman sauraron jama'a a laburare, zan je da hotunan bokitin da takardar ƙorafina ta farko mai kwanan wata na 2021.

Sadiq_Lagos_Street:
Kada ki je ke kaɗai Hajiya. Ki ƙwanƙwasa wa sauran masu gareji a layinku, ko mutum biyar ne ku tafi tare.

Direba_Tanimu:
Ni har yanzu ban ji wanda ya gamsar da ni a kan farashin 'yan gida da na bare ba. Duk harajin kansil ɗaya muke biya.

Injiniya_Bello:
Tanimu, in garejin na asusun gidaje ne, da hayar mazauna ake kula da shi, to suna da hujjar a sassauta musu. In na babban asusu ne, kai ke da gaskiya. Sai mun ji amsar da za a ba Hajiya.

Maman_Khalil:
Malam Sadiq, na bi shawararka da yamman nan. Mutum huɗu sun ce za su zo, ciki har da wani dattijo Bature mai gareji na bakwai, wanda ya ce nasa rufin ya fi nawa lalacewa, leda ya shimfiɗa a kan kayansa. Ummu Sumayya, in kina kusa ki turo mini saƙo ta gefe, sai mu haɗa da maganar kwaɗon filinki a takarda ɗaya.

Ummu_Sumayya:
Ba kansil ɗinmu ɗaya ba Anti, amma ki turo mini tambayoyin da kika rubuta, zan aika wa tamu irinsu gobe in na tashi daga aiki.